Kundin Hikima: Yadda Ake Kwafar Magana Daga Littafi Har Ta Zauna Wa Mutum

Ranar da aka buɗe gafakar kakanmu bayan rasuwarsa, littattafan da kowa ya yi tsammani su muka fara gani: Ahalari, Ishmawi, Risala, kowanne warwara a cikin tadarishinsa, gefen takardun ya yi baƙi saboda yawan shafa. A can ƙasa kuma sai ga wani ƙunshi ɗaure da igiyar fata, ba suna, ba farko balle ƙarshe. A ganye ɗaya baiti biyu ne a kan gudun duniya. A na gaba addu'ar tafiya. Sai maganin ciwon ido, sai ranar da aka haifi mahaifinmu, sai wata karin magana da ajami wadda ya ja wa layi da jar tawada. Baffanmu ya jujjuya ƙunshin a hannunsa ya ce, "Wannan ai kundin Malam ne. Waɗancan na malamansa ne, wannan shi ne nasa."

Yau in aka ce kundi, hankali kan tafi ga kundin tsarin mulki ko wanda ɗalibi ke rubutawa kafin a ba shi digiri. Amma kundin malami shi ne wurin da yake zuba abin da ya tsinta a karatu da zaman duniya, da hannunsa, don amfanin kansa. Mu kuwa yanzu hoto muke ɗauka da waya. Ni kaina akwai hotunan maganganun hikima birjik a wayata, kuma da za a tsare ni a ce in kawo biyar da ka, da na ji kunya. Abin da ya sa na koma ga takarda ke nan. Ga yadda nake yi, da inda na samo kowace dabara, domin kusan duk abin da zan faɗa wasu sun riga sun gwada shi ɗaruruwan shekaru kafin a haife mu.

Me ya sa mutanen da suke kwafa?

Dalili na farko tsadar takarda ne. A ƙarni na 18 da na 19, yawancin takardar da malaman ƙasar Hausa da Barno suke rubutu a kanta daga arewacin Italiya take fitowa, ta bi ta Tarabulus ko Alƙahira, ta ratsa hamada a bayan raƙuma. In ka ɗaga irin wannan takarda ga haske za ka ga hoton jinjirin wata uku a jikinta. Abin da ya sha wannan tafiya ba a wasa da shi. Littafi kuma ba na ɗab'i ba ne: ka ara, ka kwafe, ka mayar. A zaure malami ya karanta layi kaɗan ya fassara, ɗalibi ya rubuta ma'anar kalma mai wuya da ƙananan baƙaƙe a tsakanin layuka ko a gefe. In littafi ya ƙare da sauran fili a ganyen ƙarshe, ba a bari ya tafi a banza: sai a rubuta "fa'ida", a kawo wata mas'ala ko baiti da aka ji a wani wuri. Mutum kan yi shekaru da littafi ɗaya, ya sauke, ya sake komowa kansa a wurin wani malamin.

Malam Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allim da ɗaliban ilimi suka sani, ya rayu kimanin shekara 800 da suka wuce. Ya shawarci ɗalibi kada ya rabu da tawada a kowane lokaci, don ya rubuta fa'idar da ya ji, ya kuma kawo maganar da ake yi cewa abin da aka haddace yakan gudu, abin da aka rubuta yakan zauna.

Ba mu kaɗai ba ne. A tsohuwar daular Rum, Pliny Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79 lokacin aman wutar dutsen Besubiyas, ba ya karanta littafi bai tsamo wani abu ya rubuta ba. Ɗan 'yar'uwarsa ya ba da labarin cewa ya bar masa kundi 160, rubuce gaba da baya da ƙananan baƙaƙe, kuma yakan ce babu littafin da ya lalace har a rasa abin amfani a cikinsa. Seneca kuwa, wani bafalsafen Rum, ya kwatanta mai karatu da ƙudan zuma: ya bi furanni ya tsotso, sa'an nan ya sarrafa abin ya zama zuma, ba ya ajiye shi yadda ya ɗauko ba.

A Turai abin har ya zama darasin makaranta. A 1512 wani malami ɗan ƙasar Holan, Erasmus, ya koya wa ɗalibai su tanadi littafi mai kanu-kanu na kyawawan halaye da munana, duk abin da suka tsinta su jefa shi ƙarƙashin kan da ya dace. Al'adar ta bi Turawa har Amurka. George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, tun bai cika shekara 16 ba, ya kwafe ƙa'idojin ladabi guda 110 a littafin makarantarsa. Asalinsu wasu malaman Katolika ne na Faransa suka tsara su a 1595, aka juya su zuwa Ingilishi a 1640. Ta farko tana cewa duk abin da mutum zai yi a cikin jama'a ya yi shi da alamar girmama waɗanda ke wurin. Wata kuma tana hana kashe ƙuma ko kwarkwata a gaban mutane. Da kakarmu ta ji wannan ta ce ashe su ma sun sha fama.

Wani masanin tarihi Bajamushe, Rolf Engelsing, ya ce har zuwa ƙarshen ƙarni na 18 mutanen Turai littattafai kaɗan suke karantawa suna maimaitawa, daga baya jaridu da ƙagaggun labarai suka yawaita, aka koma karanta abu da yawa sau ɗaya a wuce. Wasu masana sun ja da shi, sun ce rabon bai kai haka tsafta ba. Ko ma yaya ne, kowa ya san wane iri ne namu na yau. Ban ce karatun da ya fi namu ta kowace fuska ba. Da yawa sun kwafa ba su gane ba, kuma kwafar Washington ma rabinta gyaran hannu ne. Amma akwai abin da hannu ke koya wa zuciya wanda ido kaɗai ba ya iyawa.

Mataki na farko: zaɓi abin da za ka yi rubutu a ciki

Hanya biyu ce. Ko warwaran takardu irin na malaman da, ko ɗinkakken littafi. Warwara tana da daɗi, don kana iya sauya wa ganye wuri, ka haɗa masu magana ɗaya. Illarta ita ce iska ɗaya ko yaro ɗaya ya isa ya hargitsa aikin shekara. Malaman da sun san haka, shi ya sa a ƙasan bayan kowane ganye suke rubuta kalmar farko ta ganyen da ke biye, ko littafi ya watse a iya jera shi. In ka zaɓi warwara, ka yi haka, ka kuma samo mata jaka ko bango mai igiya.

Ga mai farawa, ni dai ɗinkakken littafi mai bangon kwali nake ba da shawara, irin wanda aka ɗinke da zare, ba mai waya a gefe ba, domin ganyen mai waya yakan cire da kansa. Kada ka sayi mai tsada mai ƙyalƙyali. Na taɓa yin wannan kuskure, littafin ya shekara fes a kan tebur ina jin tsoron ɓata shi da munin rubutuna. Biro baƙi ko shuɗi na yau da kullum ya isa, da ja guda ɗaya don kanu, da fensir. Alƙalamin da tawadarsa ke narkewa in ruwa ya taɓa, ka guje shi. Ko a da ma tawadar allo daban take da ta takarda: ta allo an yi ta ne don a wanke, ta takarda don ta zauna.

Mataki na biyu: shirya shi kafin ka rubuta komai

Zauna ka sa wa kowane shafi lamba, daga farko har ƙarshe, a zama ɗaya. Aiki ne mai gundura, amma in ka bar shi sai gaba ba za ka yi ba. Bar shafi huɗu na farko fanko don fihirisa. A kowane shafi ja layi daga sama zuwa ƙasa, ka ware gefe mai faɗin yatsa biyu: nan kanu za su zauna, nan kuma za ka dawo bayan shekaru ka yi gyara ko ka yi gardama da kanka. A cikin bango rubuta sunanka da ranar da ka fara.

Mataki na uku: karanta da fensir, kada ka kwafa nan take

Wannan shi ne inda yawancin mutane ke ɓata kundinsu. Magana ta burge ka, ka yi maza ka kwafa, ta gaba ma haka, kafin ka ankara ka kwafe rabin babi, ka gaji, ka watsar. Maimakon haka, in kana karatu wata magana ta tsayar da kai, ɗiga mata ɗigo da fensir a gefe ka wuce. In littafin aro ne, rubuta lambar shafin a 'yar takarda, kada ka ɓata wa mai shi. Ka bari kwana biyu ko uku su wuce, ko ka kai ƙarshen babi, sa'an nan ka dawo ka bi ɗigoginka. Za ka tarar rabinsu sun huce. Daɗin lafazi ne ya ɗauke ka a lokacin, ko kuwa halin da kake ciki a ranar.

Waɗanda suka rage ka yi musu tambaya ɗaya: akwai ranar da zan buƙaci wannan? Ba ranar da zan burge mutane da ita a majalisa ba, ranar da zan buƙace ta ni kaɗai, ina cikin fushi, ko an ba ni amanar kuɗi, ko na yi rashi. Ka lura kuma da son zuciya. Mun fi son kwafar maganar da ke sukar wasu: munafukai, masu hassada, butulai, duk waɗanda muke ganin su ne matsalarmu. Kundin da ya cika da irin wannan littafin ƙorafi ne aka sa wa rawani. Maganar da ta ɗan sosa maka inda ke maka ƙaiƙayi, wadda ka ji kamar da kai ake, ita ta fi cancantar tawada.

Ni ba na wuce uku a zama ɗaya. Wani littafin gaba ɗayansa layi ɗaya nake samu, kuma ban ɗauke shi asara ba.

Mataki na huɗu: kwafa daidai, ka raba maganarsa da taka

Karanta jimlar a bayyane sau ɗaya, sa'an nan ka rubuta ta kalma da kalma yadda take. Kada ka gyara wa marubuci Hausarsa ko Larabcinsa. In ka tsallake wani yanki, sa ɗigo uku a wurin. In da wani harshe take, kwafi asalin tukuna, fassararka ta biyo a ƙasa, ka kuma nuna cewa taka ce. Idan ka gama, ɗora yatsa a kan littafin ka bi layi-layi kana gwadawa da abin da ka rubuta. Masu kwafar littattafai na da suna kiran wannan muƙabala, wani lokaci mutum biyu ke yi, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa, kuma in sun gyara kuskure a gefe sukan rubuta "sahha" kusa da shi. Za ka yi mamakin yadda hannu ke sauya kalma ba da izininka ba. Ka duba kuma abin da ke gaba da bayan jimlar: sau da yawa marubuci yakan kawo magana ne don ya rushe ta, mai gaggawa ya tsince ta ya jingina masa.

Akwai wasu kalmomi biyu da na ara daga malaman Sakkwato, kuma ban ga dabarar da ta fi su ba. Wanda ya karanta littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da Muhammadu Bello ya san yadda suke kawo maganar wani malami mai tsawo, in ta ƙare su ce "intaha", wato ta ƙare, sau da yawa a taƙaice da alif da ha. In za su faɗi nasu ra'ayin sai su ce "ƙultu", wato na ce. Da waɗannan kalmomi biyu mai karatu ba ya rikicewa a kan wa ke magana. Kai ma ka yi haka, ko da Hausa ne: "ta ƙare", sa'an nan "na ce".

Kuma lallai ka ce wani abu. Layi ɗaya ko biyu sun isa: me ya sa ta tsayar da kai, da wa ta tuna maka, ina ka ga ba ta yi daidai ba. Seneca ɗin nan da ya yi misali da zuma, a wata wasiƙar ya yi wa masu tara maganganu tatas. Ya ce abin kunya ne dattijo ya zama hikimarsa duk ta cikin kundi ce, kullum wane ya ce, wane ya ce, to kai me ka ce? Wurin "na ce" shi ne amsar wannan tambaya. In ka rasa abin rubutawa a nan, wataƙila maganar ba ta shige ka ba tukuna.

Mataki na biyar: rubuta asalinta, ko ka rubuta cewa ba ka sani ba

A ƙarƙashin kowace magana sa sunan mai ita, sunan littafin, babi, da shafi. Babi ya fi shafi muhimmanci, don bugu ya sha bamban, shafi na 40 a bugun Bairut ba shi ne na 40 a bugun Kano ba. Sa kuma ranar da ka kwafa. In ba daga littafin mai maganar ka gani ba, wani ne ya ambato shi, rubuta haka: wane ya kawo ta daga wane. Wannan ba ƙaƙale ba ne, tarbiyyar karatunmu ce. Abdullahin Gwandu littafi guda ya rubuta don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta wajen kowanne. A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Ibnu Sirin cewa wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku.

A zamanin WhatsApp da Facebook wannan mataki ya fi kowanne nauyi. Kullum ana turo magana mai daɗi a kan hoton faɗuwar rana, a ƙasa a rubuta sunan Sayyidina Ali ko Imamu Shafi'i ko wani bafalsafen Girka, ba littafi ba shafi. Wasu gaskiya nasu ne, wasu kuwa jiya aka ƙirƙira aka nemo musu uba mai daraja. In irin wannan ta burge ka, ba laifi ka kwafa, amma ka rubuta "ana jingina ta ga wane, ban ga asalinta ba" da fensir, ka bar fili. Ran da ka gano, ka cike da biro.

Hadisi kuwa hukuncinsa daban. Kada ka rubuta "Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce" sai ka ga hadisin a littafin hadisi ko ka tambayi malamin da ya san fannin, domin gargaɗin da ya zo a kan wanda ya yi masa ƙarya da gangan yana cikin Buhari da Muslim. Kundinka zai iya faɗawa hannun jikanka, shi kuwa zai ɗauka duk abin da Kaka ya rubuta tabbas ne. Aya kuma ka sa sura da lambarta, ka duba Mus'hafi, kada ka dogara da hadda komai ƙarfinta.

Kada ka raina abin da ka ji da kunne. Karin maganar da ta fito daga bakin gwaggo tana tsakiyar tankaɗe ta cancanci shafi kamar ta kowane littafi, asalinta kuwa shi ne: daga bakin wa, a wane gari, a kan wane lamari ta faɗe ta. Wannan na ƙarshen shi ya fi saurin ɓacewa, kuma karin magana in an raba ta da abin da ya jawo ta, rabin ma'anarta ya tafi.

Mataki na shida: kanu da fihirisa

Kundi in ya kai shafi 50 ba fihirisa, ya zama rumbun da aka zuba gero da dawa da wake wuri ɗaya. Saboda haka kowace magana ka ba ta kai, kalma ɗaya tak, ka rubuta da jan biro a gefen da ka ware: Haƙuri, Amana, Fushi, Mulki, Mutuwa, Bashi, Zumunci. Ka tsaya a kan kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya. In yau ka sa Dukiya, gobe Arziki, jibi Kuɗi, abu ɗaya zai watse wuri uku.

Wani bafalsafen Ingila, John Locke, ya yi shekaru yana amfani da wata dabara kafin a buga ta da Faransanci a 1686, da Ingilishi kuma a 1706, bayan mutuwarsa. Fihirisarsa shafi biyu ce kacal. Ya jera baƙaƙe, kowane baƙi ya raba shi gida biyar bisa wasula: a, e, i, o, u. Gidan kowane kai shi ne harafinsa na farko da wasalin farko da ya biyo baya. Sa'armu, wasulan Hausa ma biyar ɗin nan ne. Zumunci zai shiga gidan Z da u, Fushi gidan F da u, Mulki da Mutuwa gidan M da u, Amana gidan A da a, Ilimi gidan I da i. In za ka rubuta magana a kan Zumunci, sai ka duba gidan Z da u. In babu lamba a ciki, ka nemi shafi biyu masu fuskantar juna da ba a taɓa ba, ka ba wannan gida su, ka rubuta lambar a fihirisa. Duk wani kai na wannan gida nan zai riƙa zuwa. In sun cika, ka buɗe wasu biyun a gaba, ka rubuta sabuwar lamba a ƙasan tsohon shafi da kuma a fihirisa. Amfanin wannan shi ne ba sai ka yi hasashen yawan filin da kowane kai zai ci ba tun farko.

Sai dai na gwada ta da Hausa na ci karo da abin da Locke bai sani ba. Harshenmu yana son wasalin a. Haƙuri, Hassada, Haɗama, Hankali, Halal, duk gida ɗaya. Gaskiya, Gaggawa, Gado, Gafara, su ma haka. Gidan H da a ya cika ya tumbatsa, gidan H da e ko ƙuda bai sauka ba. Maganin da na samu shi ne in faɗaɗa gidajen a tun wajen zana fihirisa, in kuma rubuta kan da kansa kusa da lambar shafi. Ka tuna ka ba Ɓ da Ɗ da Ƙ da Sh da Ts layinsu daban, kada Ƙarya ta kwana gida ɗaya da Karamci.

In duk wannan ya yi maka yawa, ka rubuta maganganu bi da bi yadda suka zo, a fihirisa ka jera kanu, kowanne da lambobin shafukansa. Ya wadatar ga kundi na farko.

Dabara ɗaya ta Erasmus da nake so: ajiye kishiyoyi kusa da juna. A ƙarƙashin Magana ina da "magana zarar bunu ce", a ƙasanta kuma "barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa". Ɗaya na cewa kama bakinka, ɗaya na cewa fito da ita. Duka gaskiya ne, kuma ganinsu tare shi ke tilasta maka tunanin yaushe ne lokacin wacce. Mai magana ɗaya a kowane kai yakan zama mai taurin kai da hujja.

Mataki na bakwai: bita

Kundin da ba a buɗewa bai fi hotunan cikin waya ba. Zarnuji ya ba ɗalibi tsarin maimaitawa: darasin jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, na gabansa sau uku, sai biyu, sai ɗaya. Ka iya bin wannan ga maganar da kake son haddacewa, ka karanta a bayyane, don kunne ma ya samu rabonsa. Ga sauran kundin, ware rana ɗaya a mako. Ni Alhamis da dare nake yi, saboda tun muna makarantar allo ranar hutu ce, jikina ya saba ba a ɗora sabon karatu a cikinta. Buɗe duk inda hannunka ya faɗa, karanta shafi biyu. In ra'ayinka ya sauya a kan wani "na ce" na da, kada ka goge shi. Rubuta sabon a gefe da kwanan wata. Bayan shekara biyar wannan gefen zai fi komai daɗin karantawa, wani lokaci da dariya, wani lokaci da kunya.

Ka kuma zaɓi magana ɗaya a mako ka yi aiki da ita. In a kan riƙe harshe ce, to wannan makon ka ga ko za ka iya barin gardama ɗaya ta wuce ba ka tanka ba.

Mataki na takwas: adana shi

Abokan gaban takarda a ƙasarmu sanannu ne: gara, ɓera, kyankyaso, da danshin damina. Kada ka ajiye kundi a ƙasa ko jingine da bangon ƙasa, kada kuma ka rufe shi cikin leda tsawon damina, gumi zai kama shi ya yi fumfuna. Jakar fata ko ta yadi a kan kanta ta fi. Tunda akwai ayoyi da sunayen Allah a ciki, ka ba shi irin girmamawar da kake ba littattafan addini. Nan ne kuma waya ke da amfani: duk wata biyu ko uku ɗauki hoton sababbin shafuka ka ajiye, saboda gobara ko ɓata. In ya cika, rubuta ranar gamawa a ƙarshe yadda masu kwafa ke yi, ka sa masa lamba ta ɗaya a bango, ka buɗe na biyu.

Abu na ƙarshe, in kana da wasu alamomi naka na kanka, tauraro ko da'ira ko wani gajeren harafi, rubuta ma'anarsu a cikin bango tun yau. A kundin kakanmu akwai ɗigo uku ja, jere kamar duwatsun murhu, da yake sawa a gefen wasu maganganu. Mun ƙirga su wuri 11. Mun kai wa abokan karatunsa biyu da suka rage. Ɗaya ya ce alama ce ta abin da Malam ya jarraba ya ga haka yake. Ɗayan ya girgiza kai ya ce a'a, a iya saninsa, Malam na sa ta ne a inda bai gamsu ba.